Gidan harsashi mai cin nawa ya kamaci maharbi?

Ɗan wani tsohon abokin aikina ya aiko mini da tambaya daga wajen Madarunfa. Manomi ne, yana farauta idan an buɗe lokacinta, kuma yana da takardunsa. Ga abin da ya ce: "Baba, bindigata ƴar ƙarama ce, kalibar 22, mai sakata. Gidan harsashin da ta zo da shi biyar yake ci. Abokaina a fada suna cewa biyar ta yi kaɗan, in nemi mai cin goma ko ashirin da biyar, don kada nama ya kuɓuce mini ina ɗuri. Wanne zan saya wanda zan iya yawo da shi wuni guda a daji?"

Ɗana, ka riƙe mai biyar ɗinka. Idan kuɗi ya shigo hannunka, ka nemi wani mai biyar irinsa sak, na kamfanin da ya ƙera bindigar, ka sa a aljihu. Mai goma ba laifi ba ne idan shi ma na kamfanin ne, amma ba zai ƙara maka ko zabo ɗaya ba. Mai ashirin da biyar kuwa ka bar wa mai shi kayansa. Wannan ita ce amsar a gajarce. Amma na san fada, na san gobe za su sake tasa ka a gaba, don haka bari in ba ka dalilan yadda na san su, daga shekarun da na yi a aikin gandun daji da bindiga rataye a kafaɗa.

Mu da muka koyi aikin da Faransanci muna ce wa gidan harsashi sharjer, mutanen ƙetaren iyaka suna cewa magazin. Abu ɗaya ne: ƙaramin akwati mai sifirin a ciki, da faranti a kan sifirin da ke ɗaga harsashi sama, da leɓɓa biyu a baki da ke riƙe na saman har sakata, wato ƙarfen da ake ja baya a tura gaba da hannu, ta zo ta tura shi cikin ɗaki. Ɗaki shi ne wurin da harsashi ke kwanciya a gindin bututu kafin ya tashi. Ka riƙe sunayen nan huɗu, sifirin, faranti, leɓɓa da ɗaki, domin duk maganar a kansu take tafiya.

Ka fara tambayar kanka, a duk farautar da ka taɓa yi, sau nawa dabba ta tsaya maka ka yi mata harbi na uku? Zomo yana jin ƙara ya yanki daji. Fakara ta tashi. Zabin daji su watse cikin sabara, kowace ta kama gabanta. Gada kuwa ko ganyen da ta taka ba za ka sake gani ba. Na farko shi ne harbi. Na biyu na tausayi ne, don ka ƙarasa dabbar da ka raunana kada ta tafi ta mutu a wahale, ta zama mushe, kai ka yi asara ita ta sha azaba. Na uku ba safai ake kaiwa gare shi ba. Na huɗu da na biyar ajiya ce kawai. Duk wanda ya ce maka ya harba goma a jere kan nama ɗaya, ba nama yake harbi ba, ƙura yake bi, kuma harsashin nan tara da suka wuce kowanne yana da inda ya sauka.

Dubi tsofaffin maharbanmu. Da adaka suka ciyar da gidajensu, ɗuri ɗaya, a zuba albarushi ta baki a danna. Daga baya bindigar kartush mai baki ɗaya ta shigo, irin Baikal ɗin nan ta Rasha da ta cika ƙasashen nan, ita ma ɗaya take ci, a karya ta a cire kwanso a sa wani. Mutumin da ya san ɗaya gare shi yakan yi sanɗa, ya duba iska, ya matsa kusa, ya jira dabbar ta ba shi gefe. Na lura da wannan a kan samari da yawa: ranar da ka ba yaro harsashi mai yawa, ranar hannunsa ke lalacewa, domin zuciyarsa tana gaya masa akwai saura. Sai ya yi harbi daga nesa, ya yi harbi dabba na gudu, ya yi harbi ga motsin ciyawa. Wannan na ƙarshen shi ne ke kai mutum gidan kaso, wani kuma kabari.

Su kansu masu ƙera bindiga ba da ka suka zaɓi biyar ba. Mauser ta Jamus, samfurin 1898, wadda akasarin bindigogin farauta masu sakata suka kwaikwayi tsarinta har yau, biyar take ci. MAS 36 ta Faransa, wadda ita aka fara ɗora mini a kafaɗa, biyar take ci, gidan a cikin jikinta yake, ba ya fitowa ƙasa ko da faɗin yatsa. Lee-Enfield ta Ingila ce mai goma. Kuma ka lura waɗannan duka bindigogin yaƙi ne na zamaninsu. Gida mai talatin da kowa ya sani yanzu, mai lanƙwasa kamar lauje, na Kalashnikov ne, an yi shi don aikin soja a fagen daga, inda ake ɓarin wuta don a hana abokin gaba ɗaga kai. Maharbi ba ya da wannan buƙata ko kusa. Abin da abokanka suke gani a hotunan waya kayan wata sana'a ne daban.

Batun nauyi zan faɗa maka gaskiyarsa, don kada wani ya kama ni da ƙari. Kaliba ita ce faɗin ramin bututun bindiga, kuma a kan kalibar 22, nauyi ba shi ne matsala ba. Harsashinta ɗaya bai wuce giram 3 da ɗan kai ba, ashirin da biyar ba su kai giram 100 ba. Inda nauyi ke magana shi ne manyan kaliba. Harsashin 308 guda yana kusan giram 24, biyar giram 120 ke nan, ashirin kuwa sun doshi rabin kilo tun ba a sa nauyin akwatin ba. Gidan Kalashnikov na ƙarfe idan ya cika talatin yana haura giram 800. Wanda bai taɓa yin sintiri a ƙafa cikin jigawa a watan Afrilu ba zai ce rabin kilo ba komai ba ne. Da hantsi ba komai ba ne. Bayan azahar, rana ta haura digiri 40, rairayi na cinye ƙafa, goran ruwa ya yi rabi, a lokacin ne kafaɗa ke ƙirga kowane giram. Kuma hannun da ya gaji rawa yake yi idan an ɗaga bindiga.

A taka bindigar, matsalar tsawo ce. Gida mai biyar kusan daidai yake da cikin katakon, ɗan leƙowa kawai yake yi. A daidai wurin nan ne hannu ke kama bindiga idan ana tafiya da ita, domin nan ne tsakiyar nauyinta. Ka sa mai goma, ya fito kamar tsawon yatsa, ka fara canza riƙo. Ka sa mai ashirin da biyar, ya zama ƙaho a ƙarƙashin bindiga. Ka rataya ta a baya, yana sukar ka a haƙarƙari. Ka shiga sarƙaƙiya ko gumbi a duƙe, yana kama reshe, ƙaya ta ja, reshen ya yi ƙara, naman da ka yi rabin awa kana yi wa sanɗa ya ɗaga kunne. Ka kwanta rub da ciki don ka saita zomo a bakin gona, gidan ya riga gwiwar hannunka taɓa ƙasa, bindiga ta hau kansa tana lilo, dole ka ɗaga ƙirji sama, saitin ya lalace. Ka so ɗora ta a kan reshe ko kan suri, nan ma ya tokare. Kuma duk abin da ya fito waje shi ke fara cin duka: ka yi tuntuɓe, shi zai bugi ƙasa, bugun kuma a leɓɓa da maƙallin da ke riƙe shi yake ƙarewa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a ƙasarmu, wato ƙura. Littattafan da ke zuwa da bindigogin nan an rubuta su ne a ƙasashe masu ciyawa da danshi. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu buji ne, garin ƙura mai laushi kamar toka, mai shiga cikin akwati a kulle. Bayansa iskar bazara da rairayi. Harsashin 22 kuma yana da wani hali: kansa na darma ne, an shafe shi da wani abu mai kama da kakin zuma don ya sulale cikin bututu. Kakin nan idan ya ji zafi yana laushi, ƙura ta manne masa, ya bar dauɗa a bangon gidan. Wata rana wani maharbi ya kawo mini dogon gida na roba, yana cewa bindigarsa ta lalace, sai ta ci uku ta tsaya. Na shimfiɗa farin buhu a ƙasa, na zare murfin gindin gidan, na jawo sifirin. Da na bubbuga akwatin a tafin hannuna, rairayi ya zubo kan buhun, ja, kusan cikin ƙaramin cokali, ga wani baƙin danƙo ya daskare a gefen faranti, har sai da na kankare shi da tsinke. Ya ce ai kullum yana zuba masa mai. Na ce man ne ya kashe shi. Bindigar lafiyarta ƙalau, da muka mayar da ɗan gajeren gidanta ta cinye biyar ɗinta ba gardama.

Dalilin da ya sa dogo ya fi gajere saurin cijewa ba ɓoyayye ba ne. Sifirin ɗaya ne zai ɗaga ashirin da biyar ya kuma ɗaga na ƙarshe shi kaɗai. Idan gidan ya cika, matsin ya yi yawa, sakata tana fama kafin ta zare na sama, har takan kankare kan darmar, harsashin da kansa ya kankaru kuwa ba ya zuwa inda aka aike shi. Idan ya kusa ƙarewa, matsin ya yi rauni, ƙwayar rairayi kaɗan ta isa ta tsayar da faranti. Sannan harsashin 22 yana da baki mai faɗi a gindinsa, kamar bakin faifai. Dole bakin na sama ya zauna a gaban bakin na ƙasa. Idan ya faɗa bayansa, sun sarƙe, sakata ta tura ta ji tauri. Yawan harsashin da ke jere, yawan damar sarƙewa. Shi ya sa dogayen gidajen 22 suke lanƙwashe, kuma shi ya sa kamfanin Ruger, da ya fito da bindigarsa 10/22 a 1964, ya yi mata gida mai juyawa kamar dabaran, mai cin goma, wanda yake shigewa ciki gaba ɗaya ba ya leƙowa. Wannan goma ce da ba ni da ta cewa a kanta. Amma taka ba irinta ba ce.

Akasarin dogayen gidajen da ke yawo hannu zuwa hannu ba kamfanin bindigar ne ya yi su ba. Kwaikwayo ne, leɓɓan roba, an yi su don wasan harbin gwangwani a filin atisaye inda cijewa ba ta da wata illa. Roba mara kyau idan ta kwana biyu a rana takan saki, leɓɓan su buɗe kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba ya gani, sai ka ga harsashi yana tsalle da kansa ko yana shiga ɗaki a karkace. Na ƙarfe ma idan ya faɗi da baki a kan dutse leɓɓan sukan lotsa. Kada ka ce za ka miƙe su da filaya, ba sa komawa daidai. Gidan da leɓɓansa suka taɓu ya gama aiki.

Za ka ji ana cewa kada a bar gida cike, sifirin zai mutu. Abin da ke gajiyar da sifirin mai kyau shi ne yawan matsawa da saki, ba zama a matse ba. Amma duk da haka ni ina cewa ka sauke harsashinka duk ranar da ka dawo gida, saboda wasu dalilai biyu da suka fi sifirin muhimmanci: yara, da ƙidaya. A wurin aiki ba a taɓa ba mu harsashi ba tare da an ƙirga ba, ba a kuma karɓa ba tare da an ƙirga ba. Ka fita da goma, ka harba biyu, ka dawo da takwas da kwanso biyu. Da gida mai biyar, ƙidayar nan a kanka take, ko cikin dare aka tashe ka ka san saura nawa. Da mai ashirin da biyar babu wanda ke ƙirgawa, sai dai a ce "akwai saura". Kuma "ina jin ya ƙare" ita ce maganar da na fi tsoro a bakin mai riƙe da bindiga.

Bari in gaya maka abin da na gani da idona, a wani ƙauye arewa da Dakoro. Mun sauka a zauren wani dattijo, sai ga ƙanensa ya dawo daga daji. Mutum ne mai hankali, ba yaro ba. A gabanmu ya zare gidan harsashi, ya ɗaga mana shi mu gani, ya sa a aljihu, ya jingine bindigar a bango. Ana cikin gaisawa, ya sake ɗaukar ta don ya matsar da ita daga bakin ƙofa, yatsansa ya shiga kan kunama. Ƙarar a cikin zaure kamar an tsaga kai. Akwai randa a kusurwa, sai muka ga ruwa yana tsartuwa daga cikinta ta wata ƴar huda, yana bin ƙasa. Wata yarinya ƴar kamar shekara biyar tana zaune gefen randar da kwanon fura a cinya, tsakaninta da hudar bai fi taƙi ɗaya ba. Ko kuka ba ta yi ba, kallonmu kawai take. Mutumin nan ya durƙushe, jikinsa na ɓari, yana ta maimaita cewa ai ya cire, ai ya cire. Ya cire gidan, gaskiya ne. Wanda ke cikin ɗaki ne bai cire ba. Tun a daji ya tura shi, naman ya gudu bai harba ba, ya manta.

Don haka ka sa wannan a ranka fiye da duk abin da na rubuta: bindiga mai cin biyar tana iya ɗauke da shida, biyar a gida ɗaya a ɗaki. Cire gida ba ya sauke bindiga. Tsarin shi ne ka juya bakinta inda ba kowa, ka cire gida tukuna, sannan ka ja sakata baya, ka duba ɗakin da ido, ka sa ɗan yatsa ka taɓa, ka bar sakatar a buɗe. Idan ka juya tsarin, ka ja sakata kafin ka cire gida, to da hannunka ka tura sabo ciki. Kuma kada ka yi tafiya da harsashi a ɗaki. Ka tura shi lokacin da ka ga nama ka tabbatar nama ne, idan bai yiwu ba ka fitar da shi kafin ka ɗaga ƙafa.

A nan ne gida mai cirewa ya fi wasu irin. Akwai bindigogin 22 da gidansu bututu ne a ƙarƙashin bututun harbi, suna cin 14 ko 15. Suna da daɗin riƙo don ba abin da ya leƙo, amma saukewarsu aiki ce, hannunka yana kai-kawo kusa da bakin bindiga, kuma ɗaya yakan maƙale a ciki ba ka sani ba. Kai da kake hawa moto, ka ratsa ƙauye biyu ko uku kafin ka kai inda za ka yi farauta, ka sauke ka ɗura sau da yawa a wuni, ɗan akwatin da kake zarewa da yatsa biyu ya fi maka. A kan hanya bindiga cikin jakarta, sakata a buɗe ko a cire, gidajen biyu a aljihun gaba mai maɓalli, kowanne cikin ƴar leda ko tsumma mai tsabta don ƙura, ba tare da goro ko makulli ko canjin kuɗi ba. Kada ka bar harsashi cikin akwatin moto ko gaban mota a rana.

Sai doka. Dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, ta hana farauta da makamai da harsasan yaƙi, ta hana farautar dare da fitila ko ba fitila, ta hana farauta daga kan abin hawa mai inji, ta hana guba da kunna wa daji wuta don kora nama. Takardar riƙe bindiga daban, takardar farauta daban, kuma lokacin farauta hukuma ce ke buɗewa ta rufe. Gadabeji, gandun namun daji da aka keɓe tun 1955, inda aka mayar da raƙuman dawa daga Kure a 2018, ba a shiga da bindiga da sunan farauta ko da wace takarda. Kafin ka ƙara wa bindigarka wani abu da ba ta zo da shi ba, ka je ofishin gandun daji na Madarunfa ko wurin jandarma da takardarka a hannu ka tambaya, su faɗa maka da bakinsu. Wasu ƙasashe ma doka ce ke taƙaita yawan harsashin da bindiga za ta ci. A Faransa bindigar farauta mai ɗura kanta ba ta wuce harbi uku. A Amurka, ƙasar da bindiga ta fi yawa, tun 1935 mai harbin agwagin daji da sauran tsuntsaye masu ƙaura ba ya sa fiye da kartush uku. A Kanada babbar bindiga mai ɗura kanta biyar ce iyakarta. Mutanen da suka fi mu kayan aiki da kuɗin harsashi sun zauna sun duba, sun ga farauta ba ta buƙatar fiye da haka.

Akwai kuma abin da ba ka faɗa ba, amma na ji shi a ƙarƙashin tambayarka, domin na san inda kake zaune. Na san halin da ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji suke ciki shekarun nan, satar shanu, ɗaukar mutane don kuɗin fansa, dajin Baban Rafi da a da muke kwana cikinsa ba fargaba. Na ga ƴan gudun hijirar da suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Ba zan ce maka tsoronka ba shi da tushe ba. Amma ina roƙonka, ɗana, kada ka bari tsoron nan ya zaɓa maka kayan bindiga. Ƴar 22 mai sakata, ko ka sa mata gida mai cin ɗari, ba ta zama abin tare mahara ba, sai dai ta ba ka ƙarfin zuciyar ƙarya ka tsaya inda ya kamata ka kauce da iyalinka. Abin da dogon gida zai yi maka tabbas shi ne ya canza kamanninka. Jami'in da ke sintiri a yankin iyaka, ya hango mutum daga nesa da magariba, a kan moto, da bindiga mai lanƙwasasshen abu a ƙarƙashinta, ba kaliba yake gani ba, siffa yake gani, kuma siffar nan ta mutanen da yake nema ce. Ba shi da lokacin tambayar takarda daga mita ɗari biyu. Manomin da ya hango ka daga gonarsa ma haka, waya zai ɗauka. Bindigar da ba abin da ya leƙo a ƙarƙashinta, a cikin jaka, a hannun mutumin da maigari ya sani, ita ce ke cewa maharbi ne. Wanda kuma ya tsinci kayan yaƙi ko aka kawo masa tayinsu a ɓoye, hanyarsa ita ce ya sanar da hukuma. Akwai hukumar ƙasa da aka kafa tun 1994 don tattara haramtattun makamai, aikinta ke nan. Idan ka iso shinge, ka tsaya tun da nisa, ka kashe moto, hannuwanka a fili, ka faɗa da bakinka cewa akwai bindigar farauta a jaka da takardunta, kafin su gano da kansu.

Wani abu kuma game da ƙasarmu. Maradi ba dajin da ba kowa ba ne. Gona na jikin gona, bayan kowace sabara akwai mai kiwo ko mace mai itace ko yaro da jaki. Mutane suna raina 22 saboda ƙanƙantarta da ƙarancin ƙararta, alhali harsashinta yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi idan an ɗaga baki sama, kuma yana da mugun halin tsalle idan ya bugi ƙasa mai tauri ko fuskar ruwa. A bakin tafkin Madarunfa, inda masunta da masu shayar da dabbobi suke ko'ina, ban yarda a harba ta kan ruwa ba sam. Kurciya ko hasbiya a kan reshe, sama ce a bayanta, harsashin da ya kuskure ya tafi ƙauyen gaba. Idan tsuntsu ne akasarin abin da kake nema, bindigar kartush mai ƙananan ƙwayoyi ta fi dacewa, domin ƙwayoyinta ba sa nisa haka. Ita 22 ta zomo ce da makamantansa, a ƙasa, cikin mita hamsin, da tudu ko gargada a bayansa da za ta tare harsashi. Da irin wannan sharaɗin, sau nawa za ka samu damar harbi a wuni? Uku, huɗu idan Allah ya ba da sa'a. Ga biyar a bindiga, ga biyar a aljihu. Har ka dawo da saura.

Kuɗin da za ka kashe kan dogon gida, ka sayi kwalin harsashi iri ɗaya da wanda kake farauta da shi, ka samu wuri mai tudun rairayi a baya, nesa da gari, da sanin maigari, ka kafa kwali a mita hamsin ka zana da'ira kamar bakin kofin shayi. Ka harba biyar a natse, ka je ka duba, ka dawo ka huta, ka sake. Ranar da biyar ɗin suka shiga da'irar daga zaune da kuma daga durƙushe, ka wuce duk wanda ke ba ka shawara a fada. A nan ne kuma za ka gwada sabon gidan da ka saya: ka cika shi ka harbe shi sau uku ko huɗu. Ya shige da ƙara ɗaya, kada ya yi girgiza idan ka taɓa shi, kada ya faɗo idan ka bubbugi gindin bindiga da tafi, ya ba da na farko da na ƙarshe ba tare da ka tilasta sakata ba. Idan ya cije ko sau ɗaya alhali yana da tsabta, ka mayar wa mai shi. Ka yi wa gidajen biyu alama a gindi, ɗaya da biyu, da ɗan fenti, don idan ɗaya ya fara gardama ka san wanne ne.

Wankinsa kuwa a bushe ake yi. Ka buɗe gindin a hankali, tafin hannunka a kai don kada sifirin ya yi tsalle cikin rairayi, ka lura da yadda faranti ya zauna don ka mayar da shi yadda yake. Ka goge ciki da busasshen tsumma da tsohon buroshin haƙori. Sifirin kaɗai za ka shafa da tsumman da ya ɗan ji mai, sannan ka sake goge shi har ya daina sheƙi. Lokacin buji duk fita biyu ko uku, da damina kuma ka riƙa duba tsatsa, ka kuma raba harsashi da jakar fata, domin fata da danshi suna sa tagulla ta yi kore.

Idan ka shigo Maradi ranar kasuwa, ka biyo ta gida da gidan harsashin kaɗai, a aljihu, babu komai a cikinsa, in duba maka leɓɓan da sifirin. Bindigar ka bar ta a kulle inda take. Ka gaida mini mahaifinka, ka ce ina tambayar ƙafarsa.